CIWON BAYA MAI SAUKA ƘAFA

'Yan'uwa manoma, daga lokacin huɗa zuwa lokacin da aka gama kai amfanin gona gida, da wuya a sami ƙungiyar da ba ta rasa hannun mutum ɗaya ko biyu ba saboda ciwon baya. Yawancinsa gajiyar nama ce, cikin kwana uku ko mako guda ta wuce. Amma akwai wani iri dabam, wanda yakan tashi daga kwankwaso, ya bi ɗuwawu, ya gangara ta bayan cinya har ya kai tafin ƙafa. Wannan yakan kwantar da ƙaƙƙarfan mutum wata guda ko biyu. In ya zo a tsakiyar damina sai ciyawa ta cinye gonar gidan, bashin taki kuwa ba ya jiran kowa.

A ƙauyuka wasu sukan ce sanyi ne, wasu su ce jifa aka yi wa mutum. Akan sayar da akuya a nemi magani nan da can, ciwo kuwa yana nan. Don haka muka ga ya kamata mu bayyana abin da ke kawo shi, da yadda za a gane shi, da abin da za a yi a gida, da kuma lokacin da lalle ne a garzaya asibiti.

YADDA ƘASHIN BAYA YAKE

Ƙashin baya ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 a jere, ɗaya bisa ɗaya. Akwai 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari ya kama, 5 a kwankwaso, sauran 9 na can ƙasa kuwa sukan manne da juna in mutum ya girma. Ta tsakiyarsu akwai rami wanda laka take bi tun daga ƙwaƙwalwa. A kowace gaɓa jijiyoyi biyu suna fitowa, ɗaya dama ɗaya hagu. Jijiyoyin da muke nufi a nan ba na jini ba ne. Su ne masu kai saƙo, su suke gaya wa ƙafa ta motsa, su kuma suke sanar da mutum cewa ya taka ƙaya.

Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifan guringuntsi. Guda 23 ne duka. Aikinsa daidai yake da na gammo a kan mai ɗauke da tulu, watau ya raba nauyi, ya hana ƙashi ya goga ƙashi. Saboda haka a nan za mu riƙa kiransa gammon baya. Kewayensa tauri gare shi, zare bisa zare kamar tayar keke. Cikinsa kuwa taushi ne, yawancinsa ruwa. Jini ba ya shiga cikinsa sosai, shi ya sa in ya ji rauni ba ya saurin warkewa.

Kowa ya san abin da ke faruwa in tayar keke ta tsufa ta tsage, sai tub ya leƙo waje ya yi ƙulu. Haka yake ga gammon baya. In kewayensa ya tsage, abin cikin ya bulluƙo ta baya, daidai inda jijiya take wucewa, ya danne ta, ya kuma sa ta kumbura. Gammon bai goce daga wurinsa ba, yana nan manne da ƙashi. Don haka ba wanda zai iya tura shi da hannu ya koma.

Tara cikin goma na masu wannan ciwo a kwankwaso, a gaɓoɓi biyu na ƙarshe yake samunsu, gama a nan ne nauyin jiki duka yake taruwa. Jijiyoyin da suke fitowa daga wurin su ne suke haɗuwa su zama babbar jijiyar ƙafa, wadda ta fi kowace jijiya girma a jiki, kaurinta ya kai na yatsan hannu. Shi ya sa rauni yana baya, amma zafi yana ƙafa. Likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, su ne suka tabbatar da wannan a shekarar 1934.

ABIN DA KE KAWO SHI

Ya fi kama mutane tsakanin shekara 30 da 50, watau daidai lokacin da gida ya dogara ga ƙarfinsu. Ya fi yawa ga maza, amma mata ma ba su tsira ba. Gammon yakan fara bushewa da tsagewa a hankali tun mutum bai sani ba, sa'an nan wata rana a ɗaga buhu ɗaya, ko a sunkuya a ɗauki igiya kawai, ya ƙarasa. Akwai gādo a ciki, shan taba da yawan ƙiba kuma suna ƙara shi.

Ayyukan da suka fi wahalar da gammon baya su ne ɗaga kaya da baya a lanƙwashe, juya ƙugu da kaya a hannu, daɗewa a sunkuye da fartanya mai gajeriyar ƙota, jan guga daga rijiya mai zurfi, da doguwar tafiya a kan babur ko tarakta a hanya mai gargada.

A shekarar 1999 masu bincike a Jamus sun sa ɗan ma'auni a cikin gammon bayan wani mutum don su ga nauyin da yake ɗauka. Da ya sunkuya ya ɗaga kaya mai kilo 20 da baya a lanƙwashe, matsin ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu. Da ya durƙusa da gwiwa ya ɗaga, sai matsin ya ragu. Da ya riƙe kayan kusa da jikinsa, bai kai rabin na farko ba. Mu tuna buhun takin zamani kilo 50 ne, buhun masara kuwa yakan kai kilo 100.

ALAMUN CIWON

1. Zafi mai tsargawa daga ɗuwawu zuwa ƙasan gwiwa, yawanci a ƙafa ɗaya. Sau da yawa zafin ƙafar ya fi na bayan.
2. Ƙafa ta riƙa yin kamar minjirya, ko kamar tururuwa na tafiya a kanta, ko wani wuri ya mutu, a taɓa ba a ji ba.
3. Tari, atishawa, da yunƙurin bayan gida suna tsananta zafin.
4. Zama a kan kujera gajeriya ya fi tsayuwa wuya.
5. Mutum yakan karkace gefe ɗaya in yana tafiya, ba da sonsa ba.

Inda zafin ya sauka yakan nuna jijiyar da aka danne. In ya bi gefen ƙwauri zuwa bayan ƙafa da babban yatsa, mutum yakan kasa tafiya a kan diddige, wani har takalmin soso ya riƙa fita daga ƙafarsa. In ya bi sha-raɓa zuwa gefen ƙafa da ƙaramin yatsa, yakan kasa yin ɗage a kan yatsu. In a wuya abin ya faru, zafin yakan bi kafaɗa ya sauka hannu har yatsu.

Akwai gwaji mai sauƙi wanda ma'aikatan lafiya suke yi. Majiyyaci ya kwanta rigingine, wani ya ɗaga ƙafar mai ciwo a miƙe, a hankali. In zafi ya tsarga har ƙasan gwiwa tun ƙafar ba ta yi sama sosai ba, to, da alama jijiya ce aka danne.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

A kula da wannan sashe ƙwarai. A ƙasan baya jijiyoyi da yawa suna tare a dunƙule, har da masu riƙe fitsari da bayan gida. In abin da ya bulluƙo ya yi girma ya danne su duka, mutum zai iya nakasa har iyakar ransa. Wannan ba ya faruwa da yawa, amma in ya faru, aikin tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu shi ne yake ceton mutum. A nemi mota ran nan, ko da dare ne, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba a sani ba, ko bayan gida yana kuɓucewa.
2. Wurin da yake taɓa sirdin keke ya mutu, watau tsakanin cinyoyi, al'aura da dubura.
3. Ƙafa biyu duka suna ciwo ko suna rasa ƙarfi.
4. Ƙafa tana ƙara mutuwa kowace rana, har mutum yana jan ta.

Kada kunya ta hana faɗi. Mai jinya ya tambayi majiyyaci a fili, gama da yawa ba za su ambaci zancen fitsari da kansu ba.

Akwai kuma waɗansu cututtuka masu kama da wannan, waɗanda maganinsu dabam ne. In ciwon baya ya zo da zazzaɓi, zufar dare, rama, ko ƙusumbi mai tsini ya fara fitowa, ana iya zaton tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya. Yana da magani, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. Masu kiwo da masu shan madarar da ba a tafasa ba sukan kamu da cutar nan mai sa shanu ɓari, ita ma tana kama baya. Dattijon da ciwon baya ya hana shi barci, ko kwanciya ba ta sauƙaƙa masa, lalle likita ya duba shi saboda ciwon daji. Haka nan wanda ya faɗo daga itace ko daga rufin ɗaki, da yaro ƙarami mai kukan baya. Waɗannan duka na asibiti ne tun daga farko.

JINYA A GIDA

In babu alamun nan na haɗari, ga labari mai daɗi. Kusan mutum tara cikin goma suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba, yawanci cikin mako 6 zuwa 12. Kumburin jijiya yakan sauka, jiki kuma yakan shanye abin da ya bulluƙo a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Kwanciya. Dā likitoci sukan ce a kwanta mako biyu ko fiye. Yanzu an gane doguwar kwanciya tana raunana nama, tana jinkirta warkewa. In zafi ya yi tsanani a kwanta kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan a tashi. A kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashin gwiwoyi. In za a tashi, a mirgina gefe tukuna, a dogara da hannu.

Tafiya. A riƙa zagaya tsakar gida minti biyar ko goma, sau da yawa a rana, kullum ana ƙarawa kaɗan. Kada a daɗe a zaune, musamman a kan turmi, dutse ko 'yar kujerar mata.

Gashi. A tsoma tsumma a ruwan ɗumi a ɗora a kwankwaso kamar minti 15 zuwa 20. A gwada ɗumin da hannu mai lafiya, gama wurin da ya mutu zai ƙone ba a ji ba.

Motsa baya. A kwanta rubda ciki na 'yan mintoci. In an iya, a dogara da gwiwar hannu a ɗaga ƙirji, ƙugu yana ƙasa. Ga ma'aunin da za a bi: in zafin yana janyewa daga ƙafa yana komawa baya, a ci gaba. In yana ƙara sauka ƙafa, a daina.

Aiki. Sussukar gyaɗa kaɗan, gyaran igiya, kula da kaji, duk ana iya yi in ana sauya zama da tsayuwa. Huɗa, daka, faskare da ɗaukar buhu kuwa sai zafin ƙafa ya tafi, a kuma koma musu da kaɗan kaɗan.

ZANCEN MAGUNGUNA

Farasitamol ba ya cutar ciki. Babba yana iya shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya wuce sau huɗu a rana. Ibuprofen da diclofenac suna rage kumburi, amma a sha su bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki kawai, kuma kada a haɗa su biyu. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mace mai ciki kada su sha sai da izinin likita. In bayan gida ya zama baƙi kamar kwalta, a daina nan da nan a tafi asibiti, gama ciki ne yake zubar da jini.

Muna gargaɗi ƙwarai a kan tramadol. Matasa da yawa sun fara shansa don su jure wa aikin gona, suka wayi gari ba su iya rabuwa da shi. Yana rufe zafi, mutum ya ci gaba da ɗaukar kaya a kan rauni. Masu ƙarfi da ake sayarwa a ɓoye suna kawo farfaɗiya, har da mutuwa. Haka kuma haɗe-haɗen ƙwayoyi da masu talla suke ƙullawa a leda ranar kasuwa. Sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, wanda in aka daɗe ana sha yakan kumbura fuska, ya tayar da ciwon sukari, ya raunana ƙashi.

Kada a yarda wanda bai koyi aikin ba ya yi wa mutum allura a ɗuwawu. Babbar jijiyar nan ta wurin take bi, allurar da ta same ta tana iya shanye ƙafa.

Game da ƙaho, tsaga da lalas, abin da ya danne jijiya yana can ciki kusa da ƙashi, aska ba ta kai wurin. Abin da ake samu shi ne gyambo, aska ɗaya ga mutane da yawa kuwa tana yaɗa ciwon hanta. Maɗori yana da aikinsa, amma nan ba karaya ba ce. Kada a bar kowa ya taka bayan majiyyaci ko ya murɗa shi da ƙarfi. Tausa mai sauƙi ba laifi.

A ASIBITI

In mako 4 zuwa 6 ya wuce ba sauƙi, ko zafi ya fi ƙarfin maganin gida, a je a ga likita. Zai gwada ƙarfin ƙafa da jin taɓawa, ya buga gwiwa da agara da ɗan guduma. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna gammon baya, ƙashi kaɗai yake nunawa. Na'urar da take nuna shi ita ce MRI, tana manyan asibitoci, tana kuwa da tsada. Ba kowa ne yake bukatarta ba. A shekarar 1994 a Amurka an ɗauki hoton mutum 98 waɗanda ba sa jin ciwon baya ko kaɗan, aka tarar fiye da rabinsu gammonsu ya ɗan bulluƙo. Don haka likita yakan duba mutum tukuna kafin ya duba hoto. Kada a sayar da sa don hoto in likita bai nema ba.

Akwai ma'aikatan gashin ƙashi waɗanda suke koyar da motsa jiki daidai da ciwon kowa. Akwai kuma allura ta musamman da ƙwararru suke yi kusa da jijiyar, tana rage zafi na 'yan makonni.

Tiyata ta zama dole in alamun haɗari sun bayyana. Ana kuma yin ta in zafin ƙafa ya ƙi sauka bayan wata biyu ko uku na jinya. Likita yakan tsaga wuri kaɗan a baya ya cire guntun da ya danne jijiya kawai, yawancin mutane kashegari suna takawa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan a shekarar 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi saurin rabuwa da zafin ƙafa, amma bayan shekara guda su da waɗanda suka yi haƙuri kusan daidai suke. Ana yin wannan aiki a asibitocin koyarwa irin na Jos, Zariya da Kano, da asibitin ƙashi na Dala. A fara daga asibitin da ke kusa, a karɓi takardar turawa.

RIGAKAFI

1. In za a ɗaga kaya, a matso kusa da shi, a buɗe ƙafa, a durƙusa da gwiwa, a rungume shi, a tashi da ƙarfin cinya.
2. Kada a juya ƙugu da kaya a hannu. A juya ƙafa, jiki duka ya bi.
3. Buhu mai kilo 100 ba na mutum ɗaya ba ne. Tun a shekarar 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada namiji babba ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai, na mata da matasa kuwa ya yi ƙasa da haka sosai.
4. Da asuba gammon baya yana cike da ruwa, ya fi saurin tsagewa. A ɗan taka tukuna, a bar ɗaga kaya mai nauyi sai jiki ya warware.
5. Mai noma ya riƙa miƙewa a ƙarshen kowace kunya, ya dafa ƙugu, ya ɗan lanƙwasa baya. Inda ƙasa ta yarda, a sa wa fartanya doguwar ƙota.
6. Mata su nemi mai taimako wajen ɗora tulu da sauke shi. Kada a sunkuya a ɗauki kaya da goyo a baya. A ɗaga wurin wanki da wanke-wanke ya kai ƙugu.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi mayar da majiyyaci gona tun bai warke ba shi ne tsoron asarar damina. In ya san 'yan ƙungiya za su yi masa gayya sau biyu, noman fari da maimai, zai yi haƙuri ya warke sarai. Ƙungiya tana iya sayen baro ko amalanke na kowa da kowa, ta riƙa raba hatsi a rabin buhu a wurin awo, ta gina dakali a bakin sito daidai da tsayin mota, ta sa gargare a bakin rijiya. Ya kamata kuma a ware wani abu a asusu don kuɗin mota, a san direban da za a tasa da dare tun bukata ba ta zo ba.

Muna roƙon sakatarori su karanta wannan bayani a taro na gaba, su maimaita alamun haɗari guda huɗu har kowa ya riƙe su, maza da mata. Sa'an nan a tattauna waɗannan tambayoyi:

1. Mutum nawa ne a cikinmu ciwon baya ya hana su aiki a daminar da ta wuce, kuma wa ya nome gonarsu?
2. Wane aiki ne a sitonmu ko a wurin awo yake sa mutum ɗaya ya ɗauki cikakken buhu, yaya za mu sauya shi?
3. In fitsari ya ƙi fita wa ɗan'uwanmu da tsakar dare, wace mota za ta kai shi, wane asibiti, da kuɗin wa?